CINIKIN BIRI A SAMA: Yadda Zaɓen Masu Kawo Mana Mai Yake Shafar Talakan Ushafa

Garin Ushafa da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bwari a yankin Birnin Tarayya ya yi suna a kan tukwane da tuluna waɗanda matan Gbagyi suke ginawa tun kaka da kakanni, da kuma madatsar ruwa ta Usuma wadda take shayar da yawancin unguwannin Abuja. Sunansa ya ƙara fita duniya cikin watan Agusta na shekarar 2000, sa'ad da Shugaban Amurka na wancan lokaci, Mista Bill Clinton, ya ziyarce shi har aka naɗa shi Ɗanmasanin Ushafa. Ba a haƙo ko ɗigon mai a garin, kuma babu matata kusa da shi. Duk da haka, rayuwar mutanensa ta yau da kullum tana rataye ne da waɗansu takardun ciniki da ake sa wa hannu a ofisoshin Abuja da Ikko da ƙasashen Turai, takardun da ba su taɓa gani da idonsu ba.

Dalili kuwa shi ne, tsadar haya a tsakiyar birni ta sa ɗimbin ƙananan ma'aikata sun tare a Ushafa da Dutse da Kubwa da Bwari, kuma kowace safiya sai sun shiga mota kafin su kai wurin aiki. Mai tukwane ba ta kai kayanta kasuwa sai direba ya sami mai. Haka mai injin niƙa, da ɗan acaɓa, da mai walda. Ranar da man ya yanke, ko ya iso a gurɓace, irin waɗannan mutane su ne suke fara ji a jikinsu. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san yadda ake zaɓen kamfanonin da suke kawo mana wannan kaya, da irin ma'aunin da ake auna su da shi, musamman a harkar da babu wanda ya san abin da gobe za ta haifa.

ABIN DA YA FARU A SHEKARAR 2022

A farkon watan Fabrairu na shekarar 2022, dogayen layukan motoci suka cika gidajen mai a Abuja da Ikko, kafin wahalar ta bazu zuwa sauran jihohi. Motoci da yawa suka riƙa mutuwa a kan titi jim kaɗan bayan sun sha mai. Daga bisani shugaban Kamfanin Mai na Ƙasa, watau NNPC, na wancan lokaci, Malam Mele Kyari, ya fito ya bayyana wa jama'a cewa an shigo da fetur wanda aka cakuɗa da sinadarin metanol fiye da kima, kuma an yi lodinsa ne a tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke ƙasar Beljiyam.

Shi metanol wani irin barasa ne na masana'antu wanda ya fi fetur araha. In ya yi yawa a cikin mai yakan jawo ruwa, ya raba man gida biyu a cikin tanki, ya kuma cinye robobi da famfon mai na mota. Da aka gane haka, sai aka shiga janye man daga daffo-daffo da gidajen mai, alhali babu wani isasshen tanadi da zai maye gurbinsa nan take. Ana cikin wannan hali ne kuma Rasha ta auka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu, kasuwar mai ta duniya ta birkice, samun jirgin da zai kawo wani sabon kaya cikin gaggawa ya ƙara wuya. Mutane suka kwana a layi, 'yan bumburutu suka ci kasuwarsu da jarkoki a bakin titi, kuɗin mota ya tashi. Sai da ta kai Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya nemi gafarar 'yan ƙasa cikin watan Maris na wannan shekara.

Malam Mele Kyari ya ambaci sunayen waɗanda kayan ya shigo ta hannunsu: MRS, da Oando, da Duke Oil wanda reshen kasuwanci ne na shi kansa NNPC, da kuma wata haɗakar kamfanoni da ta ƙunshi Emadeb da Hyde da AY Maikifi da Brittania-U. Waɗansu daga cikinsu sun fitar da sanarwa suna musanta cewa laifin nasu ne, kowa yana nuna na gaba da shi. Amma maganar da ta fi kowace nauyi cikin bayanin shugaban ita ce wannan: takardun shaidar inganci da aka bayar a tashar lodi a Beljiyam sun nuna man ya cika ƙa'idar Nijeriya, masu binciken da suka duba shi a tashoshinmu su ma sun wuce da shi, domin kuwa awon metanol ba ya cikin jerin abubuwan da aka saba aunawa. Watau kowace takarda ta cika, kowane hatimi ya hau, man kuma ya kashe injuna. Abin da mai saye bai tambaya ba, mai sayarwa ba zai faɗa masa ba.

Akwai wani darasi kuma wanda ba a cika ambatonsa ba. A wancan lokaci NNPC shi kaɗai yake shigo da fetur ƙasar nan, ta hanyar wani tsari da aka fara a shekarar 2016, inda yake ba 'yan kasuwa ɗanyen mai su kuma su kawo masa tatacce. A takarda, 'yan kasuwar suna da yawa, har mutum ya ɗauka cewa in ɗaya ya gaza wani zai rufe. To amma ga shi jirage huɗu ta hannun masu kaya huɗu, dukansu daga tasha ɗaya suka taso. Guga huɗu ne aka zura a rijiya guda, da ruwan ya ɓaci kuwa duk suka ɗebo ɓatacce.

DARASIN MATATAR KADUNA

Wannan matsala ba a shekarar 2022 ta fara ba. Matatar mai ta Kaduna, wadda a da ake sa ran ita za ta riƙa shayar da Arewa har da daffon Suleja da ke ciyar da Abuja, ta isa misali. Kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan aka ba kwangilar gina ta a shekarar 1977, ta fara aiki a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, aka ƙara shi zuwa ganga 110,000 a 1986. A shekarar 1988 kuma aka buɗe sashen da yake sarrafa sinadarin da ake yin garin sabulun wanki da shi.

An raba matatar gida biyu. Sashe ɗaya yana tace ɗanyen man Nijeriya ya fitar da fetur da kananzir da man gas. Ɗaya sashen kuwa an yi shi ne domin fitar da baƙin mai na inji, da kwalta, da kakin kyandir. Da yake ɗanyen manmu marar kauri ne, bai dace da wannan aiki ba, sai aka tsara sashen ya karɓi mai kauri daga Benizuwela, ko Kuwait, ko Saudiyya. A nan dole a yaba wa waɗanda suka yi tsarin, domin ba su dogara da ƙasa ɗaya ba. Abubuwan da suka biyo baya sun nuna hikimar yin hakan, don kuwa yaƙin Iran da Iraƙi ya dami mashigin tekun Fasha daga 1980 zuwa 1988, Iraƙi ta mamaye Kuwait a watan Agusta na 1990, ma'aikatan man Benizuwela suka yi dogon yajin aiki daga ƙarshen 2002 zuwa farkon 2003, sa'an nan Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin man ƙasar takunkumi a 2019. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da wani ya hango a ranar da aka sa hannu a kwangila.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne hanya. Ko daga wace ƙasa man ya fito, da na gida da na waje, sai ya sauka a Escravos, ya bi bututu guda ta Warri, ya yi tafiyar sama da kilomita 600 kafin ya iso Kaduna. Da aka fasa wannan bututu a fadamar Chanomi cikin watan Fabrairu na shekarar 2006, matatun Warri da Kaduna suka zauna babu abin tacewa kusan shekara biyu. An sake kai wa bututun hari a farkon shekarar 2016. Masu kaya uku a nahiyoyi biyu ba su amfana wa matatar kome ba a irin waɗannan ranaku, tun da ƙofar shigowa ɗaya ce.

Ƙarshen al'amarin kowa ya san shi. Lissafin kuɗin NNPC na shekarar 2018 ya nuna matatar Kaduna ba ta shigo da ko kwabo ba a wannan shekara, amma ta yi asarar kimanin Naira miliyan dubu 64. A watan Fabrairu na 2023 aka ba kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar gyara ta a kan kuɗi sama da dala miliyan 740. Zaɓen wanda zai yi gyara, da wanda zai kawo kayan gyara, shi ma zaɓen mai kaya ne, kuma ma'auni ɗaya ne ya hau kansu.

MAN DA INJI YA KARƁA, HUHU YA ƘI

Man da aka cakuɗa da metanol ya tona asirin kansa cikin 'yan kwanaki, domin mota ta tsaya kowa ya gani. Akwai wani gurɓataccen man kuma wanda mota take sha ta yi gudu lafiya lau, cutarsa sai bayan shekaru take bayyana a ƙirjin mutane. Wannan shi ne man da farar wuta ta yi wa yawa. In ya ƙone, hayaƙinsa yana fitar da ƙananan ɓurɓushi masu shiga huhu, suna tayar da asma da ciwon ƙirji da na zuciya. Wanda ya fi shaƙarsa kuwa shi ne ɗan acaɓa, da mai talla a bakin tasha, da yaron da aka goya a baya ana jiran mota.

A watan Satumba na shekarar 2016, wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton binciken da ta yi a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, cikinsu har da Binin da Gana da Mali da Sanagal. Ta sami man gas wanda farar wutar da ke cikinsa ta ninka abin da dokar Turai ta yarda da shi har sau 378. A Turai ba a yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali a lokacin ƙa'idar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan a man gas. 'Yan kasuwar da suke haɗa irin wannan mai a tashoshin Holan da Beljiyam ba su karya dokarmu ba. Mu ne muka rubuta ƙa'ida mai rauni, su kuma suka auno mana daidai da ita.

Cikin watan Disamba na wannan shekara, bayan wani taro a Abuja, Nijeriya da Binin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince su rage adadin zuwa kashi 50 cikin miliyan, kuma ministocin ƙungiyar ECOWAS suka ɗauki wannan ƙa'ida a birnin Wagadugu a watan Fabrairu na 2020. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya, har sai da Holan a 2023 da Beljiyam a 2024 suka hana fitar da irin wannan mai daga tashoshinsu. Abin kunya ne a ce mai sayarwa ne ya riga mai saye kishin lafiyar 'ya'yan mai saye.

DAGA DAFFO ZUWA GIDAN MAI

Ingancin mai kaya bai ƙare a bakin teku ba. Tun da bututan da aka shimfiɗa domin kai tataccen mai daffo-daffo na Arewa suka daina aiki yadda ya kamata, kusan duk litar da ake sha a Abuja da kewayenta a bayan tanka take zuwa daga Kudu. Wanda ya ɗauki mai jigila saboda kuɗinsa ya fi sauƙi, bai duba tayoyin motar da birkinta da murfin tankinta da awoyin barcin direbanta ba, ya sayi arahar ne da ran mutane. A garin Majiya na Jihar Jigawa, ranar 15 ga Oktoba, 2024, tanka ta faɗi ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. Bayan wata uku, ranar 18 ga Janairu, 2025, irin haka ta auku a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, aka rasa sama da mutum 80. Bayan wannan ne hukumar da ke kula da tacewa da rarraba mai, watau NMDPRA, ta hana lodin tankokin da suke ɗaukar lita 60,000 daga ranar 1 ga Maris, 2025. Mutanen Ushafa, da suke zaune a gefen ruwan da babban birnin ƙasa yake sha, suna da ƙarin dalilin damuwa da irin motar da ake ɗora wa mai da sinadarai a hanyoyin yankinsu.

NA GIDA MA SAI AN AUNA SHI

Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Matatar Alhaji Aliko Ɗangote da ke Lekki a Jihar Ikko, wadda aka gina da ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, aka buɗe ta ranar 22 ga Mayu, 2023, ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024, ta rage mana dogaro da tashoshin Turai ƙwarai da gaske. Wannan ci gaba ne da babu mai musunsa.

Amma ita ma matatar ta ɗanɗana irin wannan matsala ta ɓangaren ɗanyen mai. A ƙasar da take cikin manyan masu haƙo mai a Afirka, sai da ta riƙa sayo ɗanye daga Amurka saboda na gida bai ishe ta ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne an riga an jinginar da wani kaso na man ƙasa domin biyan basussuka. Wannan ya sa aka fara tsarin sayar mata da ɗanyen mai da Naira a watan Oktoba na 2024. A ƙarshen Satumba na 2025 kuma, da rikici ya tashi tsakanin matatar da ƙungiyar manyan ma'aikatan mai ta PENGASSAN, ƙungiyar ta ba da umarnin a tsayar da kai mata ɗanyen mai da iskar gas, hankalin ƙasa duka ya tashi kafin a sasanta cikin 'yan kwanaki. Wannan ya nuna yadda kamfani yake zama da ma'aikatansa yana cikin abin da ya kamata mai saye ya auna, kuma ƙasar da ta bar dogaro da tasha ɗaya a waje bai kamata ta koma dogaro da matata ɗaya a gida ba tare da wani tanadi ba.

DA WANE MA'AUNI ZA A AUNA?

Duk wadda ta je sayen tukunya a Ushafa ba ta biya sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta ji amonta, domin tsagar da ido bai gani ba kunne yana jin ta. Manyan kamfanonin mai na duniya su ma sun daina sayen kaya a kan farashi kaɗai. Sukan jera abubuwan da suka dame su, su ba kowanne nauyinsa gwargwadon haɗarinsa, sa'an nan su tara masana daban-daban, injiniya da akawu da likita da masanin muhalli, kowa ya ba mai kaya maki. Inda ba a da tabbas, ba a ƙirƙiro tabbas na ƙarya. Akan rubuta mafi kyawun abin da zai iya faruwa da mafi muninsa, a duba ko mai kayan zai iya tsayawa a rana mafi muni. Wanda ya fi kowa araha a ranar lafiya, sau da yawa shi ne na farkon ɓacewa a ranar wahala.

Abin da ya faru da mu ya isa ya nuna tambayoyin da suka kamata. Ta farko ita ce asalin kaya: daga wace matata, ta hannun wa, a wace tasha aka haɗa shi, domin a tabbata masu kayan ba rijiya ɗaya suke ɗiba ba. Ta biyu ita ce hanya, watau in bututu ya fashe ko gada ta karye, ta ina kayan zai biyo. Ta uku awo, kuma lalle ne jerin abubuwan da ake aunawa ya riƙa sabuntuwa, a kuma riƙa ɗibar samfuri ba zato a gidajen mai a kai ɗakin bincike wanda mai kaya ba shi yake biyansa ba. Ta huɗu ita ce illa ga lafiyar jama'a da ruwa da iska, da yadda kamfani yake riƙe da direbobinsa da leburorinsa. Ta biyar kuwa ita ce lamuni: in kaya ya ɓaci wa zai biya, kuma ina kuɗin da aka ajiye domin haka, don kada mai motar haya ya sake sayen famfon mai daga aljihunsa saboda laifin da aka yi a wata nahiya.

Dokar sayen kayan gwamnati ta shekarar 2007 ta ce a ba da kwangila ga wanda ya fi araha daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Ashe ke nan ƙarfin dokar yana cikin sharuɗɗan ne. In an rubuta su da rauni, to doka da kanta za ta miƙa kwangila ga mai gurɓataccen kaya. Dokar masana'antar mai da aka sa wa hannu a watan Agusta na 2021 ta ba hukumar NMDPRA ikon sa ido a kan ingancin mai da tanadinsa, kuma yanzu da aka janye tallafi, talaka yana biyan cikakken kuɗin kowace lita. Wanda ya biya cikakken kuɗi yana da haƙƙin a ba shi cikakken kaya.

Saboda haka muna kira ga hukuma da ta riƙa buga sakamakon awon da take yi a fili, jirgi bayan jirgi da daffo bayan daffo, da harsunan da jama'a suke ji, tare da sunan duk wanda kayansa ya faɗi. Muna kuma kira ga 'yan Majalisar Tarayya da su riƙa neman ganin sharuɗɗan kwangila tun kafin a sa hannu, maimakon kafa kwamitin bincike bayan motoci sun mutu. Ƙungiyoyin direbobi da na masu gidajen mai su ma su riƙa ajiye rasit da samfurin duk man da suka yi shakkarsa, su kai ƙara a rubuce. Ya kamata kuma a tanadi ajiyar mai ta makonni a daffo-daffo na Arewa, irin su Suleja da Kano da Gusau da Gombe, tun ana zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.